Daga Ikko Zuwa Yerwa: Yadda Waya Ke Bin Sawun Mai Ita

Daga Wakilinmu na Arewa, Maiduguri

Duk wanda ya shiga mota a Agege ko Sabon Badun za shi gida Yerwa, ya san wayarsa ba ta rabuwa da shi. Ya wuce Jos, Bauchi, Potiskum da Damaturu, saƙo kuwa yana iske shi. To, yaya ake gane inda yake?

Manyanmu za su tuna zamanin wasiƙa. Ɗan ci-rani ba shi da mazauni ɗaya, sai a riƙa aiko masa takarda ta hannun maigidansa, shi kuma ya sa a kai masa. Haka intanet ɗin waya take. Wayar tana sauya turken sadarwa a hanya, amma akwai babbar cibiya wadda kowane saƙo sai ya bi ta kanta. Ko maƙwabta biyu ne a Gwange, saƙonsu yakan je can ya dawo. In cibiyar ta cushe, ko hanyarta ta yanke, kowa ya shiga uku.

Shi ya sa masana suka kawo shawara biyu. Ta farko, a rarraba aikin maigidan nan ga ƙananan cibiyoyi kusa da jama'a. Hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar da sharuɗɗan wannan tsari a 2014. Ta biyu, a nemi abu da sunansa, ba da lambar gidan da yake ba, kamar yadda baƙo kan ambaci sunan mutum a zango a nuna masa shi. Wani Ba'amurke, Van Jacobson, ya yi jawabi a kan haka a 2006, aka kuma soma babban bincike a jami'o'in Amurka a 2010. Watau in ka nemi karatun wani malami, kowace na'ura ta kusa da ke riƙe da kwafi sai ta ba ka. In ka gusa gaba, ka sāke tambaya kawai.

Mutanen Borno sun san zafin yankewar waya. A 2012 'yan Boko Haram sun ƙona turaku da dama. A watan Mayun 2013 kuma, da aka kafa dokar ta-ɓaci, sojoji suka rufe layuka watanni, har wasu kan yi doguwar tafiya don kawai su shaida wa 'yan'uwa a kudu suna raye.

Gaskiya dai sabon tsarin bai ta da turken da aka ƙona, kuma neman abu da suna yawancinsa yana matakin gwaji. Amma gari mai nisa irin Maiduguri shi zai fi morar ranar da saƙon unguwa zai tsaya a unguwa. Allah Ya kai mu, Ya kuma ba mu zaman lafiya, amin.