Me ya sa ba mu mance ranar Layya?

Yara, in an tambaye ku abin da kunka ci ranar Talata ta makon jiya, da yawanku ba za su tuna ba. Amma in an ce ku ba da labarin Babbar Salla ta bara, kowa zai ɗaga hannu. Wani zai faɗi launin ragonsu, wani zai faɗi wanda ya ba shi hanta. Me ya kawo haka? Bari mu duba tare.

Ana yin Babbar Salla ranar 10 ga watan Zulhajji. A Tawa, tun kafin ranar, kasuwar Lahadi takan cika da raguna. In an sauko daga idi, liman ya yanka nasa, sai kowane maigida ya yanka abin da Allah ya hore masa. A feɗe rago, a shimfiɗa shi bisa sanduna biyu da anka gicciye. Maƙwabta su haɗa itace su hura wuta babba, a jera raguna kewaye da ita. Nama ya wuni yana gasuwa a hankali. Cikin gida kuwa mata suna soya kayan ciki. Washegari a yanyanka nama, a aiki yara su kai gida gida. Malamai suna koya mana a kasa shi uku: kashi ɗaya na gida, ɗaya na dangi da maƙwabta, ɗaya na mabukata.

Abu huɗu ne ke sa wannan rana ta zauna cikin kanmu.

Na farko, ƙamshi. Masana sun gano cewa saƙon da hanci ke aikawa yana isa da sauri wurin da ƙwaƙwalwa ke ajiyar tunani. Shi ya sa mutumin Adar da ya tafi biɗa Abijan, in ya ji ƙamshin gero ana dakawa, sai ya ga tsakar gidansu da innarsa riƙe da taɓarya.

Na biyu, aiki. Ranar Layya babu mai zaman banza. Wannan ya ɗebo ruwa, wancan ya riƙe ƙafar rago, ƙarami ya kori ƙuda. Abin da hannunka ya yi ya fi daɗewa a kanka bisa abin da ka ji da kunne kawai. Haka yake a lakwal: lissafin da ka yi da kanka a allo ba ka saurin mance shi.

Na uku, hira. In an kewaye akushi, bakin tsofaffi yakan buɗe. A nan ne yaro ke jin sunan kakan kakansa, da garin da zuriyarsu ta fito, ko Barmu ne, ko Kalfu, ko Afala. A nan ne kuma ake ba da labarin yunwar 1973 da ta 1984, lokacin da dabbobi sunka mutu da yawa a ƙasarmu, da yadda mutane sunka taimaki juna. Wannan tarihi ba shi cikin littafi. In ba a zauna tare ba, sai ya bi tsofaffi kabari.

Na huɗu, maimaitawa. Salla tana dawowa kowace shekara, amma ba a lokaci ɗaya ba. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Nasara da kamar kwana 11. Don haka Layya takan zo wani lokaci da ɗari, wani lokaci da bazara, wani lokaci da damina. Sai bayan kamar shekara 33 take komawa inda ta faro. Shi ya sa za ku ji kaka ta ce: “An haife ka shekarar da Layya ta same mu muna shuka.” Salla ta zama mata ma'aunin shekaru.

To, ko sai gidan da ke da babban rago ne ke da abin tunawa? A'a. Ga abin da ya faru da ni. A daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta faɗa gonaki. Layya ta zo cikin watan Janairu na 2005, ana tsananin ɗari. Babana ya tafi biɗa, rumbunmu ya kusa ƙarewa, ba mu yi yanka ba. Na ɓuya a ɗaki don kunya. Washegari sai ga ɗiyar maƙwabcinmu da kwano a kai. Inna ta yi tuwon gero da miyar kuka, ta sa naman ciki. Mu bakwai munka kewaye akushi ɗaya. Kafin mu sa hannu, ta tsame tsoka biyu ta soya, ta rufe cikin ƴar tukunya, ta ce: “Wannan rabon babanku ne.” Na ci naman salla mai yawa bayan nan, amma wancan ne ba ya fita raina.

Kun gani, ba yawan nama ke sa a tuna ba. Waɗanda ka ci tare da su, da wanda ya tuna da kai, su ne ba a mancewa. Kuma ba sai ranar salla ba. Ƙwaryar hura da ake sha a gona da ludayi ɗaya, da tuwon suna, da buɗa baki cikin azumi, duka haka suke.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. In an aike ka da nama bana, ka tafi da sauri, ka gaida masu gida da ladabi. Wataƙila akwai yaron da ya ɓuya a ɗaki, kai yake jira.

Tambayoyi

1. Kashi nawa ake kasa naman Layya? Su wa ake ba?
2. Me ya sa Layya ba ta zuwa lokaci ɗaya kowace shekara?
3. Ka tambayi kakanka ko kakarka sallar da ba su mance ba. Ka rubuta labarin cikin layi biyar.