BABI NA UKU: ZAGAYEN TSIBIRAN LAMU A JIRGIN RUWA DA ABUBUWAN TARIHINSU

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayanin zagayen da masu yawon buɗe ido ke yi a jirgin ruwa tsakanin tsibiran Lamu, waɗanda ke gaɓar tekun Indiya a arewa maso gabashin Kenya. Za a bi hanyar jirgin zango-zango, tare da fito da abin da kowane tsibiri ya gada. Manufa ita ce a nuna cewa iska da ruwan sha da hanyar ciniki su ne suka raya waɗannan garuruwa, kuma duk garin da ya rasa ɗaya daga cikinsu ya koma kufai.

3.1 Jirgi da Iska

Manyan tsibiran su ne Lamu da Manda da Pate. Jirgin da aka fi shiga na katako ne, wanda ake ɗaura wa babban ƙyalle mai kusurwa uku domin iska ta tura shi. Suwahilawa na kiran babba jahazi, ƙarami kuma mashuwa, kuma a ƙauyen Matondoni ake sassaƙa da yawa daga cikinsu da hannu.

Iska iri biyu ce ke juya harkar wannan teku. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar kaskazi ke busowa daga arewa maso gabas, ita ce ta riƙa kawo fatake daga ƙasashen Larabawa da Farisa da Indiya. Daga wajen Afrilu kuma sai iskar kusi ta juyo daga kudu, ta mayar da su gida ɗauke da hauren giwa da azarar itacen mikoko da kuma bayi. Da yake dole baƙo ya zauna watanni yana jiran juyawar iska, sai auratayya da cuɗanyar harshe da addini suka shiga tsakani. Wannan cuɗanya ta bar alama a gine-gine da al'adun Suwahilawa.

3.2 Zango na Farko: Garin Lamu

Daga bakin gaɓar garin Lamu ake tashi. An gina tsofaffin gidajen garin da dutsen murjani na teku, aka yi musu rufi da azarar mikoko, ƙofofinsu kuma na katako ne masu sassaƙen ado. Lungunan garin matsattsu ne ƙwarai, shi ya sa jaki ya zama abin hawa da ɗaukar kaya. A shekarar 2001 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

A tsakiyar gari akwai babban ginin tsaro da aka fara a 1813 aka gama a 1821. An gina shi ne bayan yaƙin Shela na wajen 1812, inda mutanen Lamu suka fatattaki rundunar Pate da ta Mazru'awan Mombasa. Turawan Ingila sun mayar da shi kurkuku a 1910, bai daina wannan aiki ba sai 1984. Haka kuma akwai masallacin Riyadha, wanda Habib Swaleh ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19, inda ake babban taron Mauludi duk shekara.

Idan jirgi ya nausa kudu zai wuce ƙauyen Shela da tuddan rairayinsa. Waɗannan tudda ke tare ruwan sama a ƙarƙashinsu, daga nan rijiyoyin garin ke sha. Wato dai rayuwar Lamu ta rataya ne a kan rairayin da baƙo ke ɗauka abin kallo kawai.

3.3 Zango na Biyu: Kufan Takwa

Daga Shela sai a tsallaka zuwa Manda. Hanyar Takwa siririn mashigi ne tsakanin itatuwan mikoko, ba ya shiguwa sai teku ta cika, don haka matuƙi ke lissafin awa kafin ya tashi. Idan aka makara ruwa ya janye, jirgi ya kafe a laka ke nan sai cikowa ta gaba.

Takwa gari ne da ya bunƙasa a ƙarni na 15 da na 16. Har yanzu ana ganin ragowar ganuwarsa da gidajensa da masallacin Juma'a mai ginshiƙi a saman bangon alƙibla. Mazaunansa sun watse a ƙarni na 17, kuma babban dalilin da masana ke bayarwa shi ne rijiyoyin garin sun koma zartsi, ga kuma rikici da Pate. Jama'ar suka koma Shela. James Kirkman ya yi tono a wurin a 1951, gwamnatin Kenya kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1982.

3.4 Zango na Uku: Tsibirin Pate

Tafiyar Pate ta fi nisa, domin sai an bi ta mashigin Mkanda, tsakanin Manda da babban yankin ƙasa. A wannan tsibiri kufan Shanga yake, inda tonon da Mark Horton ya yi cikin shekarun 1980 ya fito da masallatai da aka yi ta ginawa ɗaya bisa ɗaya. Na ƙasa, wanda na itace ne, ya kai ƙarshen ƙarni na 8. Wannan na cikin tsofaffin shaidun Musulunci a gabashin Afirka.

Garin Pate kansa ya yi ƙarfi a ƙarƙashin sarakunan Nabahani, amma bayan kayen Shela ciniki ya koma Lamu. Tsohuwar waƙar Suwahili mai suna Al-Inkishafi ta ɗauki rushewar gidajen attajiran Pate ta yi wa'azi da ita a kan ruɗin duniya. A Siyu kuma akwai ginin tsaro na ƙarni na 19, zamanin da garin ya yi ta gwabzawa da sarakunan Zanzibar.

3.5 Matsayin Zagayen a Yau

Lamu ma ta ɗanɗana irin abin da ya sami Pate. Jirgin ƙasan da aka shimfiɗa daga Mombasa tsakanin 1896 da 1901 ya janye ciniki, hana bauta a 1907 kuma ya durƙusar da gonakin attajirai. Talaucin da ya biyo baya shi ya hana a rushe tsofaffin gidaje a yi na zamani. Daga baya yawon buɗe ido ya zama abin da ke ciyar da matuƙa da masassaƙa, musamman tun da aka fara bikin al'adun Lamu a 2001, inda ake tseren jirage da na jakuna.

Sai dai wannan sana'a ba ta da tabbas. Sace baƙi da aka yi a 2011 da harin Mpeketoni na 2014 sun kore masu ziyara na tsawon lokaci. Bugu da ƙari, an gina sabuwar tashar manyan jiragen ruwa a gaɓar babban yankin ƙasa kusa da Manda, wadda aka buɗe sashenta na farko a watan Mayu 2021. Yashe teku da sare mikoko sun taɓa wuraren kamun kifi, har Babbar Kotu ta ba da umarni a 2018 cewa a biya masunta kusan 4,600 diyyar shilin biliyan 1.76. A 2019 kuma wata kotun muhalli ta soke lasisin tashar lantarki mai amfani da kwal da aka shirya ginawa a yankin.

3.6 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa zagayen ya haɗa gari mai rai da garin da ya watse da kuma wanda ya durƙushe. Zartsi ne ya tashi Takwa, kayen yaƙi da ƙauracewar fatake suka karya Pate. Lamu ta tsira domin rijiyoyinta ba su ƙafe ba, jiragenta kuma ba su daina tashi ba. Saboda haka kiyaye tsofaffin gine-gine kaɗai ba zai wadatar ba, sai an haɗa da kare tuddan Shela da dazuzzukan mikoko da sana'ar sassaƙa jirgi. A babi na gaba za a duba fasalin gidajen Lamu da adon ƙofofinsu.