Nahawun Motsin Rai A Harshen Faransanci

Da yawa daga cikin masu koyon Faransanci sun ɗauka cewa idan mutum ya fusata ko mamaki ya kama shi, to nahawu ya tafi hutu, abin da ya zo baki shi za a furta. Ba haka abin yake ba. Bafaranshe ko ihu zai yi, da ƙa'ida yake yin sa, kuma kalmar da ya zaɓa ita ke nuna matsayinsa da na wanda yake magana da shi.

Bari mu fara da kalmar "quel", wadda ta yi daidai da "wane" a Hausa. Siffofi huɗu gare ta: quel ga namiji, quelle ga mace, quels da quelles ga jam'insu. Ana ɗora ta kai tsaye a kan suna, ba a sa "un" ko "une" a tsakani. Sai a ce "Quel dommage !", wato kaico, ko "Quelle chaleur !", wato wane irin zafi ne wannan. Abin lura shi ne, a mafi yawan lokuta duk huɗun furucinsu ɗaya ne, don haka kuskure ba ya fitowa a baki, sai a takardar jarrabawa asirin ɗalibi ke tonuwa. Bahaushe yana da sa'a a nan, domin tun yana goye ya san bambancin wane da wace da waɗanne. Amma wannan sa'ar ita ce kuma tarkonsa. Rana mace ce a Hausa, wata kuwa namiji, alhali a Faransanci "soleil" namiji ne, "lune" mace. Wanda ya bi jinsin Hausa zai rubuta "quelle soleil", malami ya ja masa jan biro.

Inda na fi son mai karatu ya tsaya shi ne jimla cikakkiya. A ce yaro ya girma, kana son nuna mamaki. Hanyoyi huɗu ne a gabanka, ma'anarsu ɗaya amma darajarsu ta bambanta. "Que tu as grandi !" magana ce ta manya, mai ƙanshin littafi. "Comme tu as grandi !" tana shiga ko'ina ba a ga laifinka ba. "Qu'est-ce que tu as grandi !" ita ce ta hirar yau da kullum, duk da cewa ta yi kama da tambaya, kuma ba amsa take nema ba. "Ce que tu as grandi !" kuwa ta cikin gida ce da majalisar abokai. A dukkansu ba a juya aikatau ya gabaci mai aiki kamar yadda ake yi a tambaya. A ganina nan ne koyarwarmu ta gaza: ana bai wa ɗalibi ta farko da ta biyu, a ɓoye masa sauran kamar abin kunya, sai ya isa Yamai ko Kwatano yana magana tamkar mai karanta sanarwar gwamnati.

Sai kuma ƙananan kalmomi irin namu na wayyo da kash da tir. "Aïe" ta ciwo ce, "ouf" ta ajiyar zuciya, "zut" ta ɗan takaici, "bof" ta wanda abin bai burge shi ba. "Hélas" ta tsufa, ta fi zama a rubutu, kuma a cikinta akwai tsohuwar kalmar "las" mai nufin gajiya da baƙin ciki. "Oh là là" da baƙi ke zaton ta sha'awa ce kawai, Faransawa sun fi furta ta idan al'amari ya ɓaci. Na dā kuwa, don gudun ambaton sunan Ubangiji a banza, sun mayar da "Dieu" ya koma "bleu", aka sami "parbleu" da "morbleu". A lardin Kebek na ƙasar Kanada ma, mafi munin ashar daga sunayen kayan coci aka samo shi, kamar "tabarnak". A rubutu kuma, a Faransa ana barin ɗan fili kafin alamar motsin rai, kamar yadda na yi a misalan nan.

Kada a raina kalmar "vive". Siffar fata ce ta aikatau "vivre", wato rayuwa, kusa da "ran sarki ya daɗe" a wurinmu, kuma da ita shugabannin Faransa ke rufe jawabansu. Ranar 24 ga Yuli, 1967, Janar de Gaulle ya tsaya a barandar zauren birnin Montreal ya ce "Vive le Québec libre !" Kalmomi huɗu ne kacal, amma Firayim Ministan Kanada na lokacin, Lester Pearson, ya ce ba za su lamunta ba. Washegarin martanin, de Gaulle ya katse ziyararsa ya koma Faris ba tare da ya taka Ottawa ba.