BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: SHIRIN BIN KOGIN KWARA A JIRGI DAGA YAWURI ZUWA JEBBA

Masu tarihi sun ce sunan Kontagora daga "kwanta gora" ya samo asali, tun zamanin da Umaru Nagwamatse ya kafa garin a wajen 1864. To, ko da yake garin na tudu ne, kogin da ke ɗauke da sunansa Kwara yake kai ruwansa, kuma mutanen wannan ƙasa sun daɗe suna cuɗanya da Yawuri da Borgu ta hanyar fatauci da cinikin kifi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ji samarin garin, musamman ɗalibai da malaman makaranta, suna sha'awar su shiga jirgi a Yelwan Yawuri su bi ruwa kwana da kwanaki har Jebba, don su ga ƙasarsu da idonsu. Wannan buri ne mai kyau. Amma duk wanda ya ɗauke shi, wajibi ne ya san cewa rabin tafiyar a tudu ake yin ta, tun ƙafa ba ta taɓa ruwa ba.

ABIN DA YA SAMI NA FARKO

A ƙarshen 1805 wani Bature mai suna Mungo Park ya taso daga Sansanding, cikin ƙasar Mali ta yanzu, a jirgin da ya harhaɗa da kwale-kwale biyu, da nufin ya bi Kwara har inda ta ƙare. Ya yi tafiya mai nisan gaske lafiya. Da ya iso Yawuri sai jagoransa, Amadi Fatuma, ya sauka, gama nan ne iyakar alkawarinsu. Park ya ci gaba ba tare da wanda ya san hanya ko harshen mutanen bakin ruwa ba. Bai yi nisa ba jirginsa ya maƙale a duwatsun Busa, mutanen gaɓa suka far masa, shi da sauran abokan tafiyarsa suka halaka a ruwa a farkon 1806.

A 1830 kuwa, Richard Lander da ƙanensa John suka zo wannan wuri. Su ba su yi gaggawa ba. Sun shafe watanni tsakanin Busa da Yawuri suna neman yardar sarakuna da jirage da matuƙa, sai a watan Satumba suka kama hanya, suka kuwa isa teku a Nuwamba. Ruwa ɗaya, duwatsu ɗaya, amma ɗaya ya shiga shi kaɗai, ɗaya ya shiga da masu wurin. Ko jirgin wuta ma bai tsira ba, domin a 1857 jirgin Dayspring na Dokta Baikie ya daki dutse ya fashe a kusa da Jebba.

RUWAN YA SAKE KAMA

Mai karatu zai ce ai waɗannan duwatsu sun zama labari. Gaskiya ne, an fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, tafkin da ya taru ya shanye tsohuwar Busa da tsibirai masu yawa, aka tayar da mutum wajen 44,000 zuwa sababbin matsugunai. Madatsar Jebba kuma, wadda ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1980, ta lulluɓe galibin gangaren da ke tsakanin Kainji da Jebba, inda dā ruwa ke matsewa tsakanin duwatsu yana ruri. Amma haɗarin bai tafi ba, riga kawai ya sake.

Tafkin Kainji ya kai kilomita 136 a tsawo, wato wajen mil 85, a inda ya fi faɗi kuwa ya haura kilomita 20, har mutum ya duba bai hango gaɓa ba. A irin wannan fili iska tana tayar da igiyar ruwa wadda ƙaramin jirgi ba ya iya jure mata. Ban da haka, ba duk itatuwan da ke kwarin aka sare ba kafin ruwa ya cika, kututturansu suna nan a ƙasa suna jiran cikin jirgi. Ga kuma cika kaya fiye da kima. A watan Mayu na 2021 wani jirgi da ya taso daga ɓangaren Jihar Neja zuwa Wara ta Jihar Kebbi, maƙare da mutane da kaya, ya nutse a tafkin, fiye da mutum 100 suka rasu ko suka ɓace. Allah Ya jiƙansu, Ya sa mu ɗauki darasi.

ZAƁEN LOKACI

Kwara a wannan yanki cika biyu take yi a shekara. Ta farko ita ce ta daminarmu, wadda ke zuwa da ruwa mai laka daga wajen Agusta zuwa Oktoba, masana suna ce mata farar ambaliya. Ta biyu kuwa ruwan saman tsaunukan Gini ne, wanda yakan yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya zubar da lakarsa a can, ya iso mana garau da sanyin hunturu, ana ce masa baƙar ambaliya. Wannan ne ya sa tafkin yake cike tun daga kaka har ƙarshen ɗari, ya riƙa ja da baya da bazara.

Don haka lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwan sama, wajen Nuwamba, sa'ad da hadari ya wuce, kututture ya yi nisa a ƙasa, hazo kuma bai riga ya rufe ido ba. Mafi muni shi ne farkon damina, ga ruwa ya janye, ga guguwa tana tasowa ba sallama.

JAGORA KAFIN JIRGI

Abu na farko da za a nema shi ne mutum, jirgi ya biyo baya. A Yelwa a je wurin shugabannin masu jirage da Sarkin Ruwa, a yi gaisuwa, a faɗi abin da ke tafe da mutum, a roƙi a haɗa shi da dattijon matuƙi daga cikin Sarkawa ko Gungawa, waɗanda kakanninsu a tsibiran nan aka haife su. Irin wannan mutum yakan dubi launin ruwa ya ce akwai itace a nan, ya dubi gabas ya ce a nemi gaɓa. In ya ce yau ba tafiya, to ba tafiya, ko da an biya kuɗin yini. A kuma sani cewa wanda ya san tafki ba lalle ne ya san ƙasan madatsa ba. A lissafa tafiyar zango biyu: a sauka kafin Kainji, a zagaya ta tudu wajen Sabuwar Busa, a ɗauki sabon jirgi da sabon matuƙi, kamar daga cikin Nufawa, don sauran kilomita wajen 100 zuwa Jebba.

In aka ƙaddara kilomita 30 a yini, zangon farko zai ci kwana biyar, na biyu uku ko huɗu. A ƙara kwana biyu na jiran iska. Kowane masauki a san shi tun daga gida, ya kasance gari ne mai mutane, a isa kafin la'asar sakaliya, a fara da gaida mai gari. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya, wannan doka kuwa don ran matafiyi aka yi ta. A ƙasan madatsa kada a kwana bisa yashin bakin ruwa, domin in aka saki ruwa daga sama yakan hau cikin dare.

GUZURI DA TSARO

Kaya su zama kaɗan, a shimfiɗa su a ƙasan jirgi a ɗaure. A tanadi rigar kariya ga kowane mutum, da filafilai ko da akwai inji, da fetur fiye da lissafi, da fulogi na ajiya, da igiya, da ƙwaryar kwarfar ruwa, da tamfol, da tocila, da gidan sauro. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da kilishi ba sa lalacewa, kifi kuwa ana samu a hanya. Ruwan sha a tafasa shi, a kuma rage wanka a gaɓar da ruwa ke kwance saboda tsargiya. In aka hangi dorina a ba ta hanya da nisa, balle mai ɗa.

Sai magana mafi nauyi. Shekarun nan 'yan bindiga sun addabi dazuzzukan Borgu da wasu sassan masarautar Kontagora, har da kewayen gandun dajin Kainji. Kada wanda ya tashi sai ya nemi labarin hanya daga sarakuna da jami'an tsaro na kowane zango, ya bar wa na gida sunayen masaukai da ranakun isa. In aka ce wani yanki ba ya biyuwa, a tsallake shi a mota, ko a ɗage tafiyar zuwa baɗi. Ba abin kunya ba ne.

Wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa zai ga abin da mai mota ba ya gani: masunta suna jefa birgi da asuba, kasuwannin bakin ruwa inda harsuna biyar ke ciniki wuri guda, da wurin da tsohuwar Busa take kwance a ƙarƙashin jirginsa. A rana ta ƙarshe kuma, bayan ya sauka a madatsar Jebba ya gangara gari, zai tsaya ya dubi katon dutsen nan da ke tsaye tsakiyar kogi, kusa da inda Dayspring ya fashe, ya yi hamdala, sa'an nan ya nemi motar Mokwa ya koma Kontagora.