Tsohon PageMaker a Sabuwar Kwamfuta: Me Ya Sa Yake Gardama, Kuma Yaya Za Ka Ceto Rubutunka?

Ɗauka cewa kana da shagon kwamfuta a Tudun Wada, Gusau. Wani dattijon malami ya taso daga Bunguɗu da filas a aljihu, a ciki akwai littafinsa na Hausa da aka buga masa shekara ashirin da suka wuce, yana son a sake fitar da shi. Ka sa filas, ka ga fayil mai ƙarewa da .pmd, sabuwar kwamfutarka ta ce ba ta san shi ba. Da ƙyar aka samo hanyar buɗe shi, sai ga “}asar Hausa” a wurin “ƙasar Hausa”, ga “]alibai” a wurin “ɗalibai”. To me ya faru? Matsala biyu ce ta haɗu wuri guda, kuma kowace da maganinta.

PageMaker manhaja ce ta tsara shafukan littafi, jarida, kati da kalanda. Kamfanin Aldus na Amurka ya fitar da ita a 1985, Adobe ya saye kamfanin a 1994. Fitowa ta ƙarshe ita ce PageMaker 7.0 a 2001, daga nan Adobe ya mayar da hankali kan InDesign. Ka ga ke nan an gina ta ne domin Windows 98, 2000 da XP. Ko Windows Vista da ta zo a 2007, Adobe bai lamunce cewa za ta yi aiki a kanta ba, balle Windows 10 ko 11. Amma hannun masu tsara littattafai da yawa a Arewa ya saba da ita, kuma ayyukansu na shekaru suna ajiye a cikin fayilolinta.

Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne, manhaja ba ta magana da na'ura kai tsaye. Kamar ɗan haya take, Windows ce mai gida. In tana son ajiye fayil, ko nuna harafi a fuskar kwamfuta, ko aika shafi ga firinta, sai ta roƙi Windows. Duk lokacin da mai gida ya sauya dokokin gidan, ɗan hayan da bai ji sanarwa ba shi ke shiga uku.

Doka ta farko da ta sauya ita ce faɗin hanyar da bayanai ke bi, wadda ake aunawa da bit: 16, 32 ko 64. Windows 11 ta 64 ce zalla. Tana da wani tafinta a ciki mai suna WOW64 wanda ke ba manhajojin 32 damar aiki, kuma PageMaker 7.0 ta 32 ce, shi ya sa wani lokaci takan hau. Amma manhajojin 16 ba su da tafinta a nan. Wasu manhajojin zamanin Windows 95 da 98 kuwa, su kansu na 32 ne, amma 'yar manhajar da ke girka su ta 16 ce. Sai ka ga aiki ya tsaya tun a bakin ƙofa.

Ta biyu, izini. A zamanin XP manhaja kan rubuta abin da ta ga dama a duk inda ta ga dama. Tun daga Vista aka sa wa manyan ɗakunan Windows kwaɗo, saboda tsaro. Tsohuwar manhaja in ta je ajiye saitinta ta tarar da ƙofa a rufe, takan sandare ko ta mutu ba sallama. Ta uku, firinta. PageMaker ta dogara ƙwarai da direban firinta, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da firinta, kuma direbobin yanzu ba da ita aka yi su ba.

Matsala ta biyu, ta haruffa, ita ta fi shafar mu. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsohon tsari gurabu 256 ne kacal ga haruffa da alamomi, kuma ba a ware wa ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ko gurbi ɗaya ba. Sai masana suka yi dabara: a zana sabon samfurin haruffa, a ɗauki gurbin wata alamar da ba a cika amfani da ita ba, a zana harafi mai ƙugiya a wurin. Sanannen misali shi ne samfurin Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar, wanda ya yi wa marubuta da ɗaliban Hausa babbar rana. Da irin wannan dabara, kai kana ganin ƙ, ita kuwa kwamfuta } ta ajiye. Ranar da aka buɗe fayil ɗin a inda babu samfurin, sai asiri ya tonu.

Yanzu akwai Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta dindindin. Harafin ƙ na da tasa, ɗ na da tasa, ko a waya, ko a kwamfuta, ko a intanet. Shi ya sa kake iya karanta wannan shafi daidai. PageMaker ba ta san Unicode ba. In ka kwafo rubutu mai ƙugiya daga waya ka zuba mata, alamar tambaya ko wani tarkace za ka gani a wurin haruffan.

To mene ne abin yi? Ga hanyoyi, daga mai sauƙi zuwa mai ɗan wuya.

Na ɗaya, ka yaudari manhajar. Danna alamarta da maɓallin dama, shiga Properties, sannan Compatibility, ka zaɓi Windows XP, ka kuma ba ta izinin aiki a matsayin shugaba. Windows za ta yi mata shigar tsohon mai gida. Wannan kan yi maganin wasu matsalolin izini, amma ba ya tayar da manhajar 16.

Na biyu, ka gina kwamfuta a cikin kwamfuta. VirtualBox manhaja ce ta kyauta daga Oracle, tana yanka wani sashe na kwamfutarka ta mayar da shi tamkar wata na'ura daban. A ciki sai ka girka XP, ka ɗora PageMaker da tsofaffin samfuran haruffanka. Sai dai fa ka yanke mata intanet, domin Microsoft ya daina toshe ɓarakar tsaro ta XP tun 8 ga Afrilu, 2014.

Na uku, in kana da tsohuwar kwamfuta mai rai, kada ka yi gaggawar sayar da ita ga 'yan gwangwan. Ka ajiye ta domin wannan aiki kaɗai, ka kuma yi hattara da filas ɗin da kowa ke kawowa, don ta nan bairos ke shiga.

Na huɗu, ka gwada wata manhajar. InDesign CS6 na buɗe fayilolin PageMaker, amma waɗanda suka biyo bayanta sun daina. LibreOffice Draw, wadda kyauta ce, ita ma tana buɗewa, ko da yake tsarin shafi kan ɗan goce.

Duk waɗannan hanyoyi aron lokaci ne kawai. Ranar da fayil ya buɗe, ranar ce ta fitar da abin da ke ciki, kuma kwafi biyu za ka yi. Na farko PDF, wanda zai riƙe kamannin shafi yadda aka tsara shi. Na biyu rubutun kansa: ka fitar da shi a tsarin RTF, ka buɗe a Word, ka yi amfani da Replace ka mayar da } ta koma ƙ, ] ta koma ɗ, ~ ta koma ɓ, haka ma manyansu. Kafin ka fara, duba ko marubucin ya yi amfani da waɗannan alamomi a matsayin baka ta gaskiya, kada ka lalata masa su. Sannan ka sa wa rubutun samfurin da ke ɗauke da haruffanmu, kamar Times New Roman na yanzu ko Charis SIL.

Me ya sa PDF kaɗai bai isa ba? Domin in da tsohon samfuri aka yi shi, ido zai ga “ƙasa”, amma a ƙarƙashi “}asa” ce. Ɗalibar Jami'ar Tarayya ta Gusau da ke neman kalmar a cikin littafin ba za ta same ta ba, injin bincike na intanet ma haka. Littafi ga shi a ajiye, amma mai nema ba zai kai gare shi ba.

Kada masu amfani da wasu manhajojin su ga kamar abin bai shafe su ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a 14 ga Oktoba, 2025, ya kuma sanar cewa Publisher za ta kai ƙarshenta a Oktoban 2026. Mai shago a Tsafe da ya tara katunan biki da takardun makarantu a Publisher, lokacin da ya kamata ya mayar da su PDF shi ne yanzu da manhajar ke buɗewa.

Saboda haka in kana da tsohon littafi, kundin digiri ko mujallar ƙungiya a fayil mai .pmd, .p65 ko .pub, kada ka jira sai ranar buƙata. Ka nemo shi cikin makon nan, ka fitar da PDF da rubutun Unicode, ka ajiye kwafi a wuri biyu, tare da samfurin haruffan da aka buga shi da shi tun farko.