Inda manhaja ke mutuwa ba tare da sallama ba

Duk ma'aikacin da ya taɓa cike fom mai tsawo a wayar salula ya san wani ɗan taƙaitaccen lokaci mai tayar da hankali. Ya shigar da sunansa, da lambar ma'aikaci, da matakin albashi, da lambar asusu, sai manhajar ta ce an turo masa lambar tabbatarwa ta saƙon tes. Ya fita ya duba saƙon, ya haddace lambar, ya komo. Abin da zai tarar shi ne fom fari fat, kamar bai taɓa rubuta ko harafi ɗaya ba. Akasarin mutane kan ɗora laifin a kan rashin sabis, wasu kuma su ce wayar ce ta tsufa. Gaskiyar magana ita ce, a mafi yawan lokuta, manhajar ce ta mutu a bayan idonsa, aka sake tayar da ita, kuma wanda ya rubuta ta bai yi tanadin wannan mutuwar ba.

Manhajar waya ba ta da ikon kanta irin wanda manhajar kwamfutar ofis ke da shi. A kwamfuta, mutum ne ke buɗewa, shi ne kuma ke rufewa. A waya kuwa, babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, wato Android ko iOS, ita ce mai wuƙa da nama. Ita ke raba ƙwaƙwalwar aiki da ƙarfin batir, kuma idan wuri ya yi ƙunci, takan kashe manhajar da ba a kallo domin wadda ke kan allo ta samu sarari. Abin da take yi wa mai rubuta manhaja kawai shi ne sanar da shi a wasu matakai: an buɗe, an fito fili, an kauce, an ɓuya, an rushe. Wannan jerin sanarwa shi masana ke kira zagayen rayuwar manhaja, kuma ingancin aikin ɗan kwangila yana bayyana ne a yadda ya amsa kowace ɗaya.

A tsarin Android, kowane mataki yana da sunansa. Idan allo ya fara kaucewa ana kiran onPause, idan ya ɓuya gaba ɗaya ana kiran onStop, sannan akwai onDestroy na rushewa. Tarkon yana a na ƙarshen nan. Sabon mai koyo yakan ɗauka cewa a nan ne ya kamata ya adana aikin mai amfani, tamkar magatakardan da ke jira sai an tashi daga aiki kafin ya kulle fayil a durowa. Sai dai babu tabbacin za a kira wannan matakin. Da zarar manhaja ta ɓuya, tsarin na iya kashe ta nan take ba tare da wata sanarwa ba. Saboda haka wanda ya san aikinsa yakan adana komai tun lokacin da allo ya fara ɓuya, ko ma tun mutum yana cikin rubutawa.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne, juya waya kaɗai daga tsaye zuwa kwance yana sa Android ta rushe allon ta sake gina shi daga farko. Haka ma sauya harshen waya. A 2017 kamfanin Google ya fito da wani kayan aiki mai suna ViewModel wanda ke riƙe bayanai idan an juya waya, kuma ya sauƙaƙa wa masu rubuta manhaja ƙwarai. Amma ya haifar da wani sakaci: abin da ViewModel ya riƙe yana tsira daga juyin allo, ba ya tsira idan an kashe manhajar ɗungurungum. Ɗan kwangila zai juya waya a gaban kwamiti, fom ya tsaya daram, a tafa masa, alhali babbar jarrabawar tana gaba.

Wayoyin Apple ma ba su tsira ba. Tun daga iOS 4 a 2010 manhaja ke iya komawa baya maimakon rufewa, kuma idan ta koma ana ba ta kimanin daƙiƙa biyar ta kammala abin da take yi kafin a daskarar da ita. Wadda aka daskarar, ana iya share ta daga ƙwaƙwalwa ba tare da an gaya mata ba.

Abin da ya sa batun ya fi shafar mu shi ne irin wayoyin da ke hannun jama'a. Darakta mai riƙe da waya mai tsada zai iya buɗe manhaja goma, babu wadda za ta mutu. Masinja, ko direba, ko ɗan fansho da ke amfani da ƙaramar waya, labarinsa daban ne. Google da kansa ya fito da Android Go a 2017 domin wayoyin da ƙwaƙwalwar aikinsu ba ta wuce gigabayit 1 ba, kuma a irin waɗannan wayoyi buɗe kyamara kaɗai na iya sa a kashe manhajar da ke baya. To, manhajojin tantance ma'aikata kyamarar suke buƙata, domin ɗaukar hoton fuska ko na takardar kama aiki. Mutum ya ɗauki hoto, ya komo, ya tarar an mayar da shi shafin farko. Wanda ya amince da aikin a ofis ba zai taɓa ganin wannan ba, domin wayarsa ta fi ƙarfin matsalar.

Asarar fom ɓata lokaci ce kawai, amma idan kuɗi ya shigo, lamarin ya wuce nan. A ce mutum ya danna biya, umarnin ya isa sabar, kafin amsa ta dawo aka kira shi a waya, manhajar ta mutu. Da ya komo bai ga rasit ba, sai ya sake biya. Tun da aka fara aiwatar da asusun bai ɗaya na gwamnatin tarayya gadan-gadan a 2015, biyan kuɗaɗen hukuma da yawa ya koma ta intanet, kuma wanda ya biya sau biyu sai ya bi sawun kuɗinsa da takarda. Maganin sananne ne a wurin ƙwararru: manhaja ta ƙirƙiri lamba ta musamman ga kowane biya, ta adana ta kafin ta aika umarni, idan ta farfaɗo ta fara tambayar sabar inda aka kwana da wannan lambar kafin ta bar mutum ya sake dannawa.

Akwai kuma batun sirri, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Idan manhaja ta koma baya, waya kan ajiye hoton allonta na ƙarshe domin nunawa a jerin manhajojin da aka buɗe kwanan nan. Idan takardar albashi ce a buɗe, duk wanda ya ari wayar zai gan ta a can. Akwai hanyar rufe allon a wannan matakin, kuma hukumar da ke tattara bayanan mutane a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023 ba ta da hujjar barin wannan ƙofa a buɗe.

Hadimin da aka ɗora wa duba manhaja kafin a sa hannu a takardar kammala aiki ba ya buƙatar sanin rubuta ko layi ɗaya. Ya nemo waya mafi araha a ofis. A saitinta, idan ya danna lambar ginin manhajar waya sau bakwai, sashen masu ƙera manhaja zai buɗe, inda akwai zaɓin rushe kowane allo da zarar an bar shi, da kuma na hana manhajoji zama a baya. Ya kunna su, ya cike rabin fom, ya fita ya buɗe kyamara, ya komo. Ya danna biya, ya sa abokin aiki ya kira shi a daidai lokacin. Abin da ya gani a allon shi zai rubuta a rahotonsa, kafin fayil ɗin ya wuce sashen kuɗi.