Gyambon ƙafa da rigar ɗan tayi

Gyambon da muke nufi shi ne mai fitowa bisa idon sau, in jijiyoyin da ke mai da jini zuciya suka gaza. Tun 1910 likita Davis, a Amurka, ya gwada rufe rauni da siririyar rigar da ke lulluɓe ɗan tayi. Ana ɗibarta wajen tiyatar haihuwa, da yardar uwa, bayan an auna jininta saboda sida da ciwon hanta. Ba ta kamawa kamar dashen fata, narkewa take yi. Amma tana rage zogi, sabuwar fata ta toho daga gefe. An ga hakan ga majinyata 15 a Bezanson, ƙasar Faransa, cikin 2007. Sai dai rigar ba ta gyara jijiya: in ba a matse ƙafar da bandeji ba, gyambon kan dawo.